Ni na lalata wa yayan matata aikin ɓerayensa, kuma har yau bai sani ba

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah a sakaya sunana da lambata. 'Yan'uwa don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku kai ƙarshe kafin ku fara zagina, zagin na san zan sha, kuma ban ce ban cancanta ba.

Ni dattijo ne na haura saba'in, a wata ruga ta wajen Gwiwa aka haife ni, yanzu ina zaune a Kazaure. Wanda maganar ta shafa zan kira shi Malam, yayan matata ne, kuma duk abin da na zama a duniya bayan Allah shi ne sila. Yau wata huɗu yana kwance, ciwon ƙoda ne, asibiti sun ce a mai da shi gida a ci gaba da addu'a, kun dai san abin da hakan yake nufi.

Abin ya faro ne zamanin da kuɗin mai ya fara shigowa, muna cikin jihar Kano tukuna. Manyan motoci suka yawaita a hanyar Babura, masu gyara su fasa tsohon batir su watsar a bayan tasha. Saniya kuwa ba ta ganin batir ta wuce, sai ta lasa. Kwana biyu ka ga ta makance, tana cizon haƙora, tana tura kai jikin bishiya, sai kuma ta faɗi. Mu a ruga iska muke cewa. Malam lokacin yana karatu mai zurfi kan lafiyar dabbobi a wata jami'a, shi ya zo ya gaya wa mahaifina ba iska ba ce, gubar dalmar da ke cikin batir ce. Da ya ga na yi firamare kuma na san dabba, ya nema min aikin kula da ɓeraye a ɗakin gwajinsu. Ka ji fa, ɗan Fulani ya bar shanu ya koma kiwon ɓera, 'yan'uwana sun yi min dariya har sun gaji.

Ɓerayen farare ne, a keji, layi uku. Layin farko ruwa mai kyau da abinci mai kyau. Layi na biyu ana sa musu dalma a ruwan sha. Layi na uku su ma ana sa musu dalmar, amma abincinsu an cuɗa shi da zink, wannan dai da yanzu ake ba yara in suna gudawa. Tunanin Malam shi ne zink yana tare wa dalma hanya tun daga hanji, ba ta samun shiga jini da yawa, in ya tabbata a ɓera to wata rana a iya haɗa shi a gishirin lasar shanu. Ba zan ce ba a yi min bayani ba, an yi. Ya zaunar da ni ya ce layi na biyu kada su ɗanɗana abincin zink ko ƙwaya ɗaya, sai an bar su haka za a gane ko maganin ne ya yi aiki. Na ce to Malam.

Amma wallahi da aka yi sati uku kasa jurewa na yi. 'Yan layi na biyu kunnuwansu suka koɗe, suka daina ci, su takure a kusurwa suna rawar jiki, ga gwangwanin maganin nan a kan tebur, taku biyu tsakani. Ni kuma inda na tashi ba a ba rabin garke kanwa rabi na kallo, kuma ba ka ganin dabba tana ciwo ka riƙe magani a hannu. Wata safiya kafin Malam ya shigo na ɗebi cokali ɗaya na zuba musu. A raina na ce cokali ɗaya me zai ɓata. Washegari na ƙara. Haka na dinga yi kullum har aka gama, kuma da na ga sun ɗan farfaɗo har daɗi na ji, ina ganin lada nake samu.

Da aka ɗebi jininsu aka auna, layi na biyu da na uku kusan ɗaya suka fito. Ke nan a takarda zink bai yi komai ba. Baturen da yake duba aikin Malam ya ce ko dai tunanin ne ba daidai ba, ko kuma Malam ne bai iya awo ba, a sake daga farko. Ranar Malam ya tambaye ni, a hankali ma, ko na taɓa rikita gwangwanayen. Na kalli tsabar idonsa na ce a'a.

To ga inda nake cewa ba ni da abin kare kaina. Da aka kawo sababbin ɓeraye, lissafi na yi. Na ga in wannan karon sakamako ya fito daban, za a gane an taɓa na farko, kuma mu biyu ne kaɗai ke da makulli. Ga aikin gwamnati na samu, ga shi an fara maganar aurena da ƙanwarsa. Sai na sake zuba musu. Na farko tausayi ne, na yarda, amma na biyu tsoro ne da son kai tsagwaronsa, ba ruwan ɓera a ciki. Sakamako ya sake fitowa yadda ya fito, lokacin da aka ɗibar masa ya ƙare, Malam ya tattara ya dawo gida ba takardar digirin da yake nema. Ya kama koyarwa a wata sakandare ta wajen Roni, nan ya yi ritaya. Abokansa da suka gama suka zama manya, shi kuwa har a majalisa ana tsokanarsa da Daktan ɓera, ya yi murmushi kawai. Ni da na jawo abin na ci gaba da aikina lafiya lau, har da ƙarin girma.

Bayan shekaru ya zo gidana da wata mujalla ta Turanci, ya ce ka ga, wasu a wata ƙasa sun gwada a ɓera sun samu abin da nake nema, zink yana rage illar dalma. Na zaci murna zai yi. Sai ya ce ashe tunanin daidai ne, hannuna ne bai iya ba, Baturen nan ya yi gaskiya. Tun daga ranar ban ƙara jin ya yi maganar ba, ko ɗansa da ya so karanta kimiyya cewa ya yi da shi ba gadonsu ba ne, ya nemi wani abin. Ina zaune a wurin aka yi wannan magana.

Satin da ya wuce abin ya ci ƙarfina na gaya wa matata. Ta inda take shiga ba ta nan take fita ba. Ta ce shekara kusan hamsin tana dafa wa wanda ya kashe wa yayanta rayuwa abinci, ta ce ashe aurenta ma da ƙarya aka biya sadakinsa. Da ta huce kuma ta ce in na kuskura na gaya masa ba za ta yafe min ba, mutum yana gargara zan je in ɗora masa baƙin ciki don ni in samu sauƙi. Yanzu ko gaisuwata da ƙyar take amsawa. Na je wajen limaminmu, ban faɗa masa komai dalla-dalla ba, ya ce haƙƙin mutum sai mutumin ne zai yafe. Na ce in na ce ya yafe min duk abin da na yi masa a dunƙule fa? Ya ce ka fi ni sanin ko zai yafe in ya ji ainihin abin.

Shekaranjiya na je da niyyar faɗa. Hankalinsa yana zuwa yana tafiya, amma ranar ya gane ni sarai, ya sa aka ba mu wuri. Kafin in buɗe baki ya kamo hannuna ya ce akwai abin da ya daɗe yana damunsa. Ya ce shi ya raba ni da ruga, ya sa na shekara biyu ina kwasar kashin ɓera a kan aikin da bai iya ba, na sha wahala a banza ban taɓa yi masa ƙorafi ba, don Allah in yafe masa. Jama'a, idonsa da hawaye yake roƙona. Ni kuma na buɗe bakin nan nawa na ce na yafe, Malam.

Na san ba abin da zai dawo, takardar ba za ta dawo ba, shekarun ba za su dawo ba, kuma ban ga hanyar da zan bi in fita da sauƙi ba. In na faɗa, zai san hannunsa lafiya lau yake, amma zai tafi da sanin wanda ya fi yarda da shi ne ya cuce shi, kuma wataƙila in rasa matata. In na yi shiru, zai tafi yana ganin shi ne ya gaza, har yana ganin ni nake binsa haƙƙi. Don Allah wanda ya san Allah ya gaya min gaskiya, in faɗa masa ko in bar shi? Ku taimaka ku amsa da wuri, jiya ko ruwa Malam bai iya haɗiya ba.