Taku Arba'in da Ɗaya Daga Bakin Rijiya

Djougou, 4 ga Afrilu

Zuwa ga Yayata Balkisu, a Guéma, Parakou.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da Mounira da jikoki. Yaya ƙafar? Ina fata kin rage zaryar kasuwar Arzèkè a bayan zemijan, 'yan acaɓan nan, ko da yake na san ɓata bakina nake yi. Mu nan lafiya lau, uwargida Housseina tana gaishe ki.

Za ki yi mamakin ganin takarda a hannun Saidou direba alhali ga waya. To Yaya, in na kira ki, katse ni za ki yi tun ban kai rabi ba, maganar kuwa tana da tsawo.

Wani kamfani aka ba fili a bayan gari, za su gina wurin na'urori da ɗakunan kwamfuta, mutane suna ce masa Zon. Ba ginin ne ya hana mu sakat ba. Takardar da ta zo ta ce wurin zai riƙe kansa da kansa, dokarsa daban, masu gadinsa daban, ƙofarsa ma da kati take buɗewa. Jiya mun zauna a meri, ofishin magajin gari, kansiloli da mu delege masu riƙe da unguwanni, tun hantsi har la'asar. In gobara ta tashi a ciki wa zai shiga? In kwatarsu ta malalo unguwa, wa za mu kai wa ƙara? Kowa tambaya yake yi, babu mai amsa. Madam Mariatou ta ofishin filaye ta ce hatimin meri a bakin shingensu yake ƙarewa. Shekara tara ina delege, ban taɓa jin kaina fanko kamar jiya ba.

Ga ainihin abin da ya sa na rubuto. Shingen ya haɗiye tsohuwar maƙabartar fatake, inda Inna take kwance. Da jirgin nan marar matuƙi suka auna filin, hoto ya nuna ciyawa kawai, sai na'ura ta rubuta wai fili ne babu kowa. Ina za ta gani? Mu ba ma gini a kan kabari, ba ma kafa allo, damina biyu ƙasa ta kwanta. Na yi ta magana har muryata ta dishe.

Kada ki tayar da hankalinki tukuna, nawa ya ishe mu. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanenki,
Labbo

Djougou, 19 ga Afrilu

Yaya Balkisu,

Bayan sallama da tambayar lafiyarki da ta mutanen gida, na ji saƙonki ta bakin Saidou, har da cewa wai me nake yi da hular delege in ban iya tsare kabarin uwata ba. Na karɓa.

An ɗan samu sauƙi. Bayan meri ta rubuta sau uku, mutanen Zon sun yarda. Ranar Asabar 10 ga Mayu za a buɗe mana ƙofa, kowane gida ya nuna kabarinsa, mai awonsu ya ɗauka a waya. Wanda aka nuna za a kewaye shi, wanda ba a nuna ba katafila za ta bi ta kansa. Sun nemi sunayen masu shiga, na rubuta na kai tun shekaranjiya.

Yaya, yanzu sai ki zauna, don abin da zan faɗa ba mai daɗi ba ne. Ban san inda Inna take ba.

Shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwarta. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makara, ina da shekara sha bakwai, hawaye ya rufe mini ido. Abin da na riƙe kawai shi ne akwai ɗorawa kusa. Masu gawayi sun sare ta tun kina goyon Mounira, ko kututturen babu. Duk Sallah da nake ce miki na je na gai da Inna, a bakin maƙabarta nake tsayawa in yi addu'a ga kowa da kowa in juyo. Ban yi miki ƙarya gaba ɗaya ba, amma gaskiyar ma ban faɗa ba. Na bi dattawan da suka je jana'izar, biyu suka rage, ɗaya ya ce gabas, ɗaya ya ce shi ba ya ma tuna an yi.

Kwanakin nan abinci ba ya wuce mini. Ina fita kamar mai zuwa wani wuri, in zaga kasuwa, in dawo ban sayi komai ba. Housseina ta ce na zama kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Wani zubin sai in ce zan nuna ko'ina ne a wuce wurin, sai kuma tsoro ya kama ni: in kewaye kabarin wani, in bar katafila ta taka uwata?

Ki zage ni son ranki, na cancanta. Amma ki rubuto.

Ƙanenki,
Labbo

Djougou, 2 ga Mayu

Yayata,

Allah ya sa kin tashi lafiya, ya ƙara sauƙin ƙafa. Takardarki ta iso, na karanta ta a tsaye a tasha, na sake karantawa a gida.

Ashe haka kika yi! Ashe washegarin jana'iza, ana cewa mata ba sa zuwa maƙabarta, kika ɗauki tulu kamar mai zuwa ɗiban ruwa, kika je kika samu ƙasar tana ɗanya. Kika ƙirga taku arba'in da ɗaya daga bakin rijiyar fatake, fuska ga alƙibla, kika binne ɗan dutsen niƙan Inna ta wajen kai. Shekara talatin da ɗaya kin rufe bakinki! Wallahi Yaya, na yi dariya na yi kuka, har Saidou ya tambaya ko rasuwa aka yi. Rijiyar tana nan, an rufe bakinta da siminti amma tana nan.

Sai dai murnar ba ta kai ni gida ba. Kin ce za ki zo ki taka da ƙafarki. Yaya, sunayen da na kai wa Zon arba'in da bakwai ne, kuma duk maza ne. Babu wanda ya ce in yi haka. An ce masu shiga maƙabarta, hannuna ya rubuta maza, ko a raina ban kawo mace ba.

Na ruga ƙofarsu. Mai gadi ya ce shi ba ya rubuta suna, na'ura ce. Na shiga ofishinsu, wani ma'aikaci Anwar, mai ladabi ƙwarai, ya juyo mini fuskar kwamfuta ya nuna mini an rufe jerin tun makon jiya, shi ma ba ya iya buɗewa. Na koma meri, Madam Mariatou ta buga mini takarda da hatimi biyu. Anwar ya karɓa hannu biyu, ya karanta, ya maido mini. Ka ga abin da muke tsoro tun farko, in ji Madam. Da a ce filin yana hannun meri, da biro zan ƙara sunanki a ƙasa a wuce wurin.

Na gwada takun a tsakar gida. Nawa arba'in da ɗaya ya kai har zaure, na Housseina ko turken akuya bai kai ba. To takun wa za a bi? Duk da haka ki zo, don Allah ki zo, ko a bayan shinge ne ki tsaya. Saidou zai ajiye miki kujerar gaba ranar Juma'a mai zuwa.

Ƙanenki da ya yi kwaɓa,
Labbo

Djougou, 13 ga Mayu

Yaya Balkisu,

Gaisuwa da fatan kin isa Parakou lafiya, hanya ba ta tayar miki da ƙafar ba. Kin hau mota tun ban ba ki labari ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Daga inda kika tsaya ba ki ga komai sosai ba, bari in faɗa miki. Lokacin da kika kwance zanen da kika yafa, kika tura mini shi ta ramin shinge, kika ce in ɗaura don ya ɗaure mini ƙafa kamar yadda ya ɗaure taki a wancan lokaci, na ɗauka wasa kike yi. Da na ga fuskarki sai na ɗaura a kan wando, a gaban liman da kansiloli biyu da Anwar da wayarsa. Wani ya fara dariya, liman ya dube shi, ya haɗiye ta. Delege guda da zanen atamfa! Za a daɗe ana ba da labarin nan a unguwa, kuma ko a jikina.

Ina jin muryarki kina ƙirgawa daga nesa. Zanen yana riƙe ni, ina so in buɗe ƙafa yana hana ni. A arba'in da ɗaya na tsaya, babu komai sai ciyawa. Na durƙusa na yi ta tono da hannu, dama da hagu. Bai kai kamu biyu daga gwiwata ba yatsana ya taɓa shi. Santsinsa yana nan, Yaya, har da ɗan guntulewar nan ta gefe, inda na yar da shi ina ƙarami Inna ta bi ni da muciya. Na ɗaga miki hannu, na ga kin zauna a ƙasa.

Anwar ya ɗauka a waya, za a kewaye wurin. Cikin gida arba'in da bakwai, goma sha huɗu ne kawai suka samu nasu. Sauran sun fito ba mai kallon wani. Tun daga ranar, tsofaffin mata uku sun aiko mini a ɓoye cewa su ma sun taɓa zuwa, sun san wuri. Na rubuta sabon jeri, sunanki ne na farko, meri ta sa hatimi, kuma majalisa za ta sake zama ranar Alhamis don neman a ɗaga zuwan katafila. Ban sani ba ko za su saurare mu. Kullum da safe ina ƙofarsu da takardar, har masu gadi sun fara ba ni kujera.

Abin da yake damuna shi ne, ke kika san wurin, ni da na manta ni na taɓa shi. Ki yafe mini.

Zanenki yana cikin ledar da Saidou zai ba ki tare da takardar nan. Housseina ta so ta wanke, na hana ta. Jar ƙasar da za ki gani a bakinsa, ta wajen kan Inna ce.

Wassalam. Ƙanenki,
Labbo