Dutsen Goge Kaushina

Talata, bayan isha'i

Har yanzu raina bai huce ba. Dutsen da maigidana ya tsinto a Kalambaina, shekara uku ina goge kaushi da shi. Malama Rahila, abokiyar aikina, ta gan shi a banɗakina ta ce, "Maman Sadik, ba ni wanga mana." Na ba ta har da dariya.

Yau ta ɗaga shi gaban duk ɗaliban makaranta. Ashe katantanwar teku ce ta zama dutse, tun zamanin da Sakkwato ke ƙarƙashin ruwa. Yara sai tafi, shugaba sai yabo. Ko sunana ba ta ambata ba.

Da ta ambata ma, me zan ce na yi da shi? Ni ma fa kimiyya nake koyarwa.