Jarumin Roba Mai Kwalli

Malama Yalwa, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa wannan magana bai yi mini dariya ba.

Ni tela ne a Abakpa. Tun da maƙwabcinmu ya sayi talabijin nake zuwa kallo duk ran Laraba, saboda wani shiri na jarumai bakwai masu yawo a sararin sama. Daga nan na fara tara mutum-mutuminsu na roba da 'yan tebur ke sayarwa a kasuwa. Na san kayan yara ne, babata ma ta faɗa. Amma in na jera su a kabad sai in ji sanyi a raina. Yawancin na kasuwa jabu ne, kuma ba yabon kai ba, ina ganewa. Jabu ba shi da nauyi, yana warin kananzir, gefensa yana kartar yatsa, hannunsa ba ya juyawa. Na taɓa samun mai ƙafar hagu biyu. Na ƙwarai shida na haɗa, shugabansu ne kawai ya gagare ni shekara biyu.

Ashe matata Delu, wadda ba ta taɓa ganin shirin ba, ta lura da gurbin da na bari a kabad. Ta sa dillaliya ta yi ta nema har Rafin Guza. Ran Juma'a ina zaure da abokina Sambo, sai ga shugaban nasu ta aiko cikin kwano a rufe, tare da abinci. Ina ɗagawa na ce ban taɓa ganin mummunan jabu irin wannan ba, idanu kamar da tsinke aka zana, riga ja alhali ta ainihi shuɗiya ce, wanda ya yi fentin nan bulala ta dace da shi. Sambo ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Tsakanin zaurenmu da tsakar gida kuwa labule ne kawai.

Daga baya dillaliyar ta gaya mini a koɗe ya zo, ko ido babu. Delu ce ta yi yini biyu tana gyara shi da kwallinta da jan farce. Yau kwana tara ke nan. Tana girki, tana gaishe ni, amma ba ta dariya, ta daina goge kabad ɗin, ta kuma ɗauke abinta. Ni dai ban yi ƙarya ba, jabu ne. In ce mata na sake dubawa na ga na ƙwarai ne? Ko in zubar da su duka?

Mai Kabad, Abakpa

Malam Mai Kabad,

Ban yi dariya ba, sai a wajen ƙafar hagu biyu. Tara 'yan roba ba abin kunya ba ne. Na yi karatu da maza masu tara abin da bai kai wannan amfani ba, yanzu ana ce musu ranka ya daɗe. Ba kuma da mugunta ka yi ba, gwaninta ce ta kwashe ka a gaban aboki.

Sai dai ina da tambaya. Talabijin ɗin maƙwabcinku, in irin ta kowa ce, baƙi da fari take nunawa. A ina ka ga shuɗiyar rigar? Ina zaton a jikin kwali, a teburin da ka sayo mai ƙafar hagu biyu.

Kada ka ce mata na ƙwarai ne. Matar da ta gane gurbi a kabad ba a gaya mata ba, za ta gane ƙarya. Kada kuma ka zubar da su, za ka ɗora mata laifin raba ka da abin da kake so, ita da ta so ta cika maka shi. Shirunta ya yi tsawo, gaskiya ne, amma ba ita za ta fara magana ba.

Ka ba ta haƙuri, ban da kalmar "amma". Ka roƙe ta ta dawo da shi, ta sa shi a gurbin da hannunta. Ran Juma'a ka zaunar da Sambo a zauren nan, ka gaya masa wanda ya yi aikin, da irin muryar da ka yi sukar, yadda labule zai isar. In matar maƙwabcin naku ta yarda, ka kai Delu ta ga shirin ran Laraba.

Shidan nan naka inji ya buga irinsu dubbai. Na bakwai guda ɗaya ne a duniya. Masu tara kaya suna tsufa suna neman wanda babu irinsa, kai kuwa a kwano aka kawo maka.

Allah ya daidaita ku, ya bar Delu da kwallinta.

Malama Yalwa