Kunyar da Ta Raba Ni da Gonar Baffa Sule

Zuwa ga Mai Shari'a, alƙalin da ya yanke hukuncin gonar marigayi Malam Sule na Lausu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Allah ya gafarta Malam, ni ce Hajara, tsohuwar nan da ta kasa tashi daga benci ranar Talata sai da masinjan kotu ya kama hannunta. Na rubuto a fili ne domin abin da ya same ni yana jiran tsofaffi da yawa.

Na ɗaya. Malam Sule yayan mahaifina ne. Allah bai ba shi haihuwa ba, shi ya riƙe ni tun ina goye, shi ya aurar da ni. Da mijina ya rasu na dawo gidansa. Shekara tara da suka wuce ya tara liman da mai unguwa, ya ce ya ba ni gonarsa ta bakin rafi kyauta, domin ya san 'yar ƙane ba ta gado. Liman ya rubuta, takardar tana hannunku.

Na biyu. Ban karɓe gonar daga hannunsa ba. Ta yaya zan dubi mutumin da ya ci da ni, ya tufatar da ni, in ce Baffa ajiye fartanya, wurin ya zama nawa? Ya ci gaba da zuwa abinsa, ni kuwa ina kai masa fura. Da idonsa ya mutu, shekara huɗu cur ni ce mai neman 'yan ƙwadago, awakina na sayar na sayi taki. Amma duk kaka a rumbunsa nake zuba dawar, don kada ya ji a ransa cewa ya zama abin ciyarwa.

Na uku. Bayan rasuwarsa 'ya'yan ɗaya ƙanin nasa, maza uku da ke birni, suka kawo ƙara. Ban tsorata ba ko kaɗan. Ni da ranar da aka ƙaddamar da Shari'ar Musulunci a jiharmu har guɗa na yi, ga kuma takarda da shaidu. Kuka tambaye ni gonar wa ce a lokacin da yake raye, na ce ta Baffa ce. To me zan ce? Ko rigar da na saya masa da kuɗina ai ta Baffa ce a bakina. Sai na ji an ce kyauta ba ta tabbata sai wanda aka bai wa ya karɓa ya riƙe kafin mai kyautar ya mutu, kuma ni da bakina na shaida ban riƙe ba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Na haura sittin a duniya, wallahi ban taɓa jin wannan ba sai ranar. Ban zama malama ba, amma ban rasa zuwa Islamiyya ba.

Ba na ja da hukuncin Allah, Allah ya tsare ni. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ba wanda ya tambaye ni wa ya biya masu noma, wa ya sayi taki. Tambaya ɗaya aka yi mini, na amsa ta yadda aka tarbiyyantar da ni, shi ke nan gona ta tafi.

Roƙona biyu ne. A sake zama, a kira mai unguwa da waɗanda suka yi mini noma, a ji wanda yake sallamarsu. In kuma hukunci ya riga ya bushe, a kira 'yan'uwan nawa sulhu, su bar mini ko da gefen rafin in ci har in mutu, ba ni da wani abin dogaro. Sannan a sa limamai su faɗa wa tsofaffi ranar Juma'a cewa wanda ya ba da gona ya sauka daga kanta, wanda aka bai wa ya cire kunya ya hau.

Baffa ya rasu hankalinsa kwance, yana ganin ya gama mini komai. Irin gyaɗar bana yana nan a ɗakina na ɓare shi, hadari ya fara haɗuwa, ban san inda zan shuka shi ba.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama da wannan kujera lafiya, ya ba ka masu jin kunyarka ranar da ƙarfinka ya ƙare.

Wassalam.

Hajara, 'yar riƙon Malam Sule,
Lausu, Rano.