Jikkar da Ta Fi Inès Girma

Aubervilliers, ran Litinin

Zuwa ga Yayata Kadidiatou,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da Malam Chaibou da yara. Yaya ƙafar Inna? Yaya zafin Damagaram? Ni jikina lau, hankalina ne ba kwance ba. A tarho da na fara magana sai ki sa dariya, shi ya sa na zauna na rubuta. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san inda na tsaya a lakwal.

Tun da muka rabu da Nadia ta koma Lyon da Inès, sau ɗaya a wata nake ganin 'yata. Yarinyar nan ba ta taɓa roƙona komai ba. To, wancan zuwan ta ce 'yan ajinsu za su hau duwatsu da ƙafa su kwana can, kowa da jikka a baya, kuma ni take so in saya mata. Ranar ko abinci ban iya ci ba don murna.

A magazan ɗin da nake dako na zaɓi wadda ta fi kowace girma, baƙa, aljihu ko'ina. Yadda Baba yake yi mana: riga har ƙasa, takalmi a cusa tsumma, a ce yaro girma zai yi. Na ce wannan har lise, babbar sakandare, za ta kai ta.

Shekaranjiya na kai mata a unguwarsu Guillotière, can Lyon. Da ta ɗauka, gindin jikkar na bugun bayan gwiwarta, saman ya wuce kanta. Ta ce mersi Papa, ta yi kyau. Muka zuba kayanta muka fita gwaji bakin kogi. Ni dako ne aikina, na san tafiyar wanda kaya ke ci. Ta duƙa gaba kamar tsohuwa, ta sa manyan yatsu ƙarƙashin igiyoyin tana ɗagawa. In na waiwayo sai ta saki ta yi murmushi. Da muka dawo na ga kafaɗunta sun yi ja, ɗaya har ta saɓule.

Nadia ba ta yi faɗa ba, ta ce za ta aro ta 'yar maƙwabta. Inès ta ce a'a, ta Papa za ta ɗauka.

Yaya, in an aro, abu ɗaya da ta roƙe ni na kasa. In ta tafi da tawa, za ta hau dutse da ciwo tana ɓoyewa don kar raina ya ɓaci. 'Yar shekara tara tana lallaɓa ubanta kamar baƙo. Ga tafiyar ta matso. Kar ki gaya wa Inna.

Ki gaida gida duka.
Ƙanenki, Soumaïla

Lyon, ran Asabar

Yaya Kadidiatou,

Ina gaishe ki da kyau, ina fatan kowa lafiya. Saƙonki ya iso, kuma na ji dariyar da kike dannewa.

Na dawo Lyon na kai Inès kantin masu hawan dutse, baƙar jikkar a hannuna. Matar kantin ta sa ta sunkuyar da kai, ta auna bayanta daga ƙashin wuya zuwa ƙugu. Ashe jikka lamba gare ta kamar takalmi, kuma tsawon baya ake bi. Ta kawo ƙarama, ta zuba nauyi ciki, ta ce ɗamarar ƙugu ake fara ɗaurewa kafin igiyoyin kafaɗa.

Yaya, goyo ne! Yadda kike goya autanmu Sufyan kina ƙarama, Inna na ja miki majanyi tana cewa ki zaunar da shi kan ƙugu. Na durƙusa na ja wa Inès ɗamarar da hannuna. Ta miƙe sak, hannuwanta na lilo.

Amma ta ƙi. Ta rungume baƙar, idonta ya kawo ruwa, ta ce wannan ce kyautar Papa. Sai na goya baƙar don ta ga ba ta yara ba ce. Matar ta ja nan ta ja can, jikkar ta zauna mini kamar tela ya auna ni. Inès ta zagaya ni tana dubawa kamar mai sayen rago, sannan ta ce malamarsu na neman uba ɗaya ya raka su, ba a samu ba. Muka fito da jikka biyu. A gida Nadia ta daɗe tana kallona, sannan ta kira malamar ta ce an samu uban da zai raka su.

Jibi za mu tafi, maigidana ya ba ni hutun da ƙyar. Ni da ban taɓa hawan abin da ya wuce duwatsun unguwarmu Birni ba, ga takalmina sabo, tsoro nake ji ƙwarai. Inès ta lura. Ta ce in wani wuri ya yi mini ciwo in faɗa mata, kar in ɓoye. Na ce ke ma haka. Ta duba kafaɗarta, ta ce to.

Yanzu ki gaya wa Inna, ta sa mu cikin addu'a.

Naki har kullum,
Soumaïla