Haruffan Kara da Sunan da Aka Sauya

Daga:
Malama Zuwaira Sama'ila,
Malamar Aji Ɗaya,
Makarantar Firamare ta Tungar Yusha'u,
kusa da Furfuri, Ƙaramar Hukumar Bungudu.

Zuwa ga:
Mai girma Shugaba,
Kwamitin Karrama Malaman Firamare,
Shiyyar Gusau, Tsafe da Bungudu,
Gusau.

Litinin, 3 ga Nuwamba, 2025

GAME DA: LAMBAR GWARZON MALAMI TA BANA DA AKA BAI WA MALAM ABDULRAHMAN YAKUBU A KAN AIKIN DA BA NASA BA

Ranka shi daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, da fatan kana lafiya tare da 'yan kwamitinka masu daraja, ina neman izini in gabatar da kukana. Ni malamar aji ɗaya ce tun watan Fabrairu na 1991, kuma a ƙarshen Janairu mai zuwa zan ajiye alli. A duk waɗannan shekaru ban taɓa kai ƙarar kowa gaban hukuma ba. Wannan ce ta farko, kuma a kan wanda ban taɓa zaton alƙalamina zai rubuta sunansa a irin wannan takarda ba. Shi ne shugaban makarantarmu na yanzu, kuma ni na koya masa riƙe fensir. Ga abin da ya faru:

1. Asalin aikin. A shekarar 1997 ina da yara saba'in da ɗoriya a aji, ba littafi, allon bango kuma ya ƙoƙe har alli ba ya kama shi. Wata rana bayan girbi na tsaya ina kallon yara suna ƙera motar kara a bayan aji, yaran da suka gaza rubuta baƙi ɗaya a gabana suna lanƙwasa taya da kyau kamar an auna. Sai na ce a raina, hannun da ya iya taya ai ya iya harafi. Daga nan na fara ɓare ɓawon karan dawa, in jiƙa shi a ruwa ya kwana ya yi laushi, in lanƙwasa shi ya zama harafi, yaro ya riƙe a hannu, ya shafa, ya jera a ƙasa ya haɗa sunansa. Kowace kaka iyaye suna kawo min damin kara har gida. Yadda aikin ya yi ta gyaruwa shekara bayan shekara na rubuta shi da hannuna a littattafai huɗu masu baƙin bango. A Tungar Yusha'u da kewaye ba wanda bai san ana kirana Malama Mai Kara ba, kuma ban taɓa jin haushin sunan ba.

2. Takardar neman shiga. Ranar Litinin, 12 ga Mayu, 2025, Malam Abdulrahman ya kawo min fom ɗin kwamitinku, ya ce lokaci ya yi da duniya za ta san abin da nake yi. Na karanta, na iske shafi biyu cur da aka bar wa malami ya bayyana bajintarsa da bakinsa. Ranka shi daɗe, kwana uku fom ɗin yana cikin jakata ban iya rubuta layi ɗaya ba. Mu an raine mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, mace mai jikoki ba za ta zauna tana yi wa kanta kirari a takarda ba. Da na faɗa masa haka sai ya yi dariya, ya ce ai shi ya sa Allah ya ba ni ɗa irinsa, in bar masa, shi zai faɗi abin da kunya ta hana ni faɗa. Ya nemi littattafan huɗu don ya ciro bayani, na ba shi. Kwana biyu bayan haka ya shigo aji ina tsakiyar darasi, hannuna duk alli, tabarau ɗina yana gida, ya miƙo shafi na ƙarshe shi kaɗai ya nuna min layi, na sa hannu. A watan jiya na gane cewa layin mai ba da shaida ne, ba na mai neman lambar ba. Ba zan ɓoye laifina a nan ba, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ni da nake hana yara kwafar abin da ba su karanta ba, na sa hannu a abin da ban karanta ba. Amma ina roƙon a lura da hannun da ya miƙo min takardar.

3. Ranar ziyara. Ranar Laraba, 18 ga Yuni, 2025, mutum uku na kwamitinku suka zo duba aikin. Tun da sassafe shugaban makaranta ya same ni ya ce baƙi daga Gusau ba za su zo garinmu su koma da yunwa ba, kuma ba mai toya masa irin tawa. Ya ce in je in toya, shi zai tare su ya zaga da su, bayan an ci abinci a zauna da ni. Na ga maganarsa ta yi daidai da mutunci, na tafi. Ina gaban tanda hayaƙi yana cin idona, ashe shi yana cikin ajina, da yarana, da haruffan da na lanƙwasa a makon, yana koyar da darasina. Da na iso da kwanuka hadari ya haɗo, baƙin suka ci a gaggauce saboda hanya. Ɗaya daga cikinsu ya yaba masar ƙwarai, ya tambayi sunana, na faɗa. Wannan ce kaɗai tambayar da kwamitinku ya taɓa yi min.

4. Ranar biki. Ranar Asabar, 11 ga Oktoba, 2025, aka yi taron karramawa a Gusau. Malam Abdulrahman da kansa ya kawo min takardar gayyata. Na ɗinka sabuwar atamfa. 'Yata Rahama ta baro gidan mijinta a Tsafe da goyonta don ta ga ranar, malamai mata biyu na makarantarmu suka biyo ni a mota. Da mai gabatarwa ya fara bayanin haruffan kara, Rahama ta riƙe hannuna, ni kuma na gyara mayafi na fara miƙewa. Sai aka kira Malam Abdulrahman Yakubu, wanda ya ƙirƙiro dabarar a shekarar 2019. Ban san yadda na koma na zauna ba. A jawabinsa ya gode wa kwamiti, ya gode wa iyayen yara, a ƙarshe ya nuno ni ya ce ga wata uwa tasu da take taimaka musu wajen tara kara, a tafa mata. Aka tafa min, ranka shi daɗe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, na sha jin wannan karin magana, amma ban taɓa jin inda gardin ya sa aka tafa wa kurar ba sai ran nan. Ban yi kuka a zauren ba. A mota na yi, tun daga Gusau har kwanar Furfuri.

5. Ƙoƙarin sulhu. Ban garzayo gare ku kai tsaye ba. Na je gidan mahaifinsa, Malam Yakubu, maƙwabcinmu na shekara talatin, aka kira ɗan nasa. Bai musa komai ba, idonsa yana ƙasa. Hujjarsa ita ce, ni ina bakin ajiye aiki, lamba ba za ta ƙare ni da komai ba, shi kuwa yana da sauran tafiya, kuma ɗaukakar ɗa ai ta uwa ce. Dattawa suka ce in yi haƙuri, ladana yana wurin Allah. Na yarda ladana yana wurin Allah. Amma da Malam Abdulrahman ya zo ya roƙe ni tun farko, wallahi da wuya in hana shi, domin ni na rubuta masa takardar shiga kwalejin horar da malamai, ni na riƙe shi a ajina lokacin da yake koyon koyarwa yana rawar murya gaban yara. Abin da ya ƙona min rai shi ne ya san kunyata sarai, ya san ba zan iya yabon kaina ba kuma ba zan iya ƙin ciyar da baƙo ba, sai ya bi ta nan ya wuce. Har yau littattafaina huɗu suna hannunsa, na aika sau uku, kullum sai gobe.

6. Littafin da za a buga. Na so in haɗiye maganar in tafi da ita gida. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ranar Alhamis da ta wuce Malama Hanatu Dogo, wadda take koyarwa a 'Yandoto, ta aiko min da kwafin ɗan littafin da kwamitinku zai buga a ƙarshen wannan wata, a raba wa makarantun ƙananan hukumomi uku, da sunan Malam Abdulrahman a bango. Na karanta shi tsaf. Jimlolina ne daga farko har ƙarshe, har da misalan da na yi da sunayen yaran da yanzu suke da nasu 'ya'yan. Amma akwai mataki ɗaya da babu a ciki, domin babu shi a littattafaina. Ɓawon kara yana da kaifi kamar reza. Kafin a jiƙa shi dole a kankare gefensa biyu da bayan wuƙa, a goga a kan dutse, ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa rubuta wannan ba saboda ni nake yin sa a tsakar gidana da yamma, kuma ban taɓa ba yaro ɓawon da bai bi ta hannuna ba. Wanda ya kwafi littafi bai san da shi ba, tunda ba a takarda yake ba. In aka buga littafin yadda yake, aka miƙa wa malamai ɗaruruwa, yara 'yan shekara shida ne za su gano abin da aka bari, da yatsunsu.

Saboda haka, cikin ladabi da girmamawa, ina roƙon kwamiti mai daraja ya dakatar da buga littafin har sai an gyara shi, ya umarci a dawo min da littattafaina huɗu, sannan ya gyara tarihin lambar ya rubuta sunan wanda ya fara aikin da shekarar da aka fara shi. Ba na neman a ƙwace farantin lambar daga bangon ofishin Malam Abdulrahman, kuma ba na neman a kore shi daga aiki, yana da iyali. Sunana nake nema a kan aikina kafin in fita daga aji a watan Janairu, don ban tara wani abu ba a shekara talatin da biyar sai shi.

Na san sa hannuna yana cikin fayil ɗinku yana ba da shaida a kaina, kuma na san maganar tsohuwar malamar ƙauye ba ta kai nauyin takarda ba. To gani ya kori ji. Ina roƙon a kira mu mu biyu gabanka a ranar da ka ga dama, ka ce ya buɗe hannunsa na hagu. A cikin babban yatsansa akwai tabo dogo, fari. Ya samo shi a watan Nuwamba na 1997, yana ɗan shekara bakwai a layin gaba na ajina, a makon farko da na raba haruffan kara ban san suna yanka ba. Ni na yage gefen kallabina na ɗaure masa, na goya shi zuwa ɗakin shan magani yana kuka yana kirana Inna. Tun daga wannan rana nake kankare kowane ɓawo, shekara ashirin da takwas ke nan, don kada wani yaro ya sake ji min ciwon da shi ya ji. A tambaye shi a gabana inda ya samo wannan tabo, shekara ashirin da biyu kafin ya ƙirƙiro dabarar. Duk amsar da ya bayar yana kallon idona, na yarda kwamiti ya rubuta ta.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya sa ka gama da kujerarka lafiya. Ina mai sauraron umarninka cikin biyayya.

Taka mai ladabi,

Zuwaira Sama'ila
Malamar Aji Ɗaya,
Makarantar Firamare ta Tungar Yusha'u