Mahaucin da aka kama yana cin kabeji

Anti mai shawara, don Allah ki cece ni, kabeji na neman rusa min sana'a.

Ni mahauci ne ɗan mahauci, shekarata ashirin da biyu a bakin teburi. Wata huɗu ke nan da likita ta ce ina da ciwon sukari. Ta dubi takarda, ta dubi tumbina, ta ce in gwada barin nama in koma ganye da wake. Na bi, amma kunya ta hana ni faɗa wa kowa. Kwanon da maiɗakina ke haɗo min ƙarƙashin teburi nake tura shi, bayan bokitin ƙashi. In yunwa ta taso sai in tsuguna kamar ina neman wuƙa, in zuba loma biyu. Gaskiya sukarin ya sauka, har wandona ya fara zamewa.

Ranar Talata wata dattijuwa da ta daɗe tana saye a wurina ta leƙo, ta gan ni tsugune da ganye a baki kamar akuya. Kafin yamma kasuwa ta ɗauka wai na san wani abu game da namana. Har an ce na jaki ne! Telan da ke gefena, wanda ya shekara goma yana cin kyautar hanta, yanzu daga nesa yake ɗago min hannu. Jiya rabin bijimin da na yanka ya kwana a rataye. Babana ya ce in gasa kilo guda in cinye a bainar jama'a. Raina a ɓace yake. In ci, ko in rufe shago?

Mahaucin ƙarƙashin teburi

Ɗan'uwa, na yi dariya, amma na tausaya maka. Kada ka ga laifin masu saye. Ni ma in na ga mahauci yana cin ganye a ɓoye, jakata zan ɗauka. Ɓoyon ne ya jawo zargi, kabeji ba ruwansa.

Baba yana da gaskiya cewa a fito fili, sai dai kilo guda sukuwa ce a kan lafiyarka. Ci gaba da wake, gyaɗa da ganyenka, ka sa ido kan burodi, farar shinkafa da lemon kwalba. In yanka ɗaya kake marmari, tambayi likitarka.

Gobe ɗora kwanon kusa da sikeli, ka ci a zaune kamar mai gida. Duk wanda ya tambaya, ce masa sukari ne. Ciwo ba sata ba ne, kuma kowa ya san wanzami ba ya son jarfa. Za ka sha mamakin yawan masu irin ciwonka a layin nan, su ma a tsugune suke ci. Allah ya ƙara lafiya, ya kawo kasuwa.